Ɗaurin kaɗaici mara wa'adi a wani gidan yari na Kalifoniya, 1989 zuwa 2023

Ginin da tsarinsa (1989)

A watan Disamba na 1989 hukumar gidajen yari ta jihar Kalifoniya a Amurka ta buɗe wani sabon kurkuku a ƙuryar arewa maso yammacin jihar, dab da iyakar Oregon. Daga Los Angeles, inda iyalan fursunoni da yawa suke zaune, tafiyar ta wuce awa 12 a mota. Ɓangare ɗaya na gidan kurkukun masu manyan laifuka ne irin wanda aka saba. Ɗaya ɓangaren sashe ne na musamman mai ɗakuna 1,056, an gina shi don raba mutum da mutane.

Kowane ɗaki faɗinsa kusan ƙafa 8, tsawonsa kusan ƙafa 10. Bango kankare, gado kankare, masai da wurin wanke hannu na ƙarfe. Babu taga. Ƙofar ƙarfe ce mai ƙananan huji, kuma bango take kallo, don haka na ciki ba ya ganin fuskar maƙwabcinsa ko da sun shekara goma suna jin tarin juna. Ɗakuna takwas ne a kowane rukuni, huɗu a sama huɗu a ƙasa. Ganduroba ɗaya da ke zaune a ɗakin tsaro na tsakiya shi ke buɗe ƙofofi da maɓalli, ta yadda fursuna zai fita wanka ya dawo ba wanda ya matso kusa da shi. Abinci ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa ake turo shi.

A wancan zamanin fursuna yana yin awa 22 da rabi a ɗakin kullum. Sauran awa ɗaya da rabin a wani fili na kankare yake yin su, shi kaɗai, tsakanin katangu masu tsayin kusan ƙafa 20. Babu kiran waya, sai dai wani lokaci idan an yi rasuwa a gidansu. Ziyara ta bayan gilashi ce. A lissafin hukumar na wajajen 2011, tsare mutum ɗaya a wannan sashe yana cin sama da dala 70,000 a shekara, na sauran gidan kuwa kusan dala 58,000.

Ƙofar shiga da ƙofar fita

Kafin 2015, ta hanya biyu ake kai mutum sashen. Ta farko horo ne a kan laifin da aka yi a cikin kurkuku, kamar sukar wani ko mallakar makami. Wannan yana da wa'adi, mafi tsawonsa shekara biyar. Ta biyu ita ce tushen matsalar: hukuma ta ayyana mutum a matsayin ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin dabar kurkuku, ko mai hulɗa da su. Wanda aka liƙa wa wannan suna ba shi da ranar fita, kuma ba sai ya taɓa kowa ba.

Jami'in binciken daba na gidan yana buƙatar shaida uku ne kawai, ɗaya daga ciki ta nuna alaƙa kai tsaye da wani da aka riga aka ayyana. Abubuwan da aka karɓa a matsayin shaida sun haɗa da jarfa a jiki, zanen al'adun Aztek (tsohuwar al'ummar ƙasar Meziko), littafin wani ɗan gwagwarmayar baƙar fata, sunan wani a littafin adireshi, katin gaisuwa, da maganar infoma wadda ba a nuna wa wanda ake zargi cikakkiyarta. Babu alƙali a ciki, babu lauya.

Fita kuwa, fursunonin da kansu sun taƙaita ta a abu uku: sakin talala, tona asiri, ko mutuwa. Sakin talala a aikace ba ya samuwa ga masu ɗaurin rai-da-rai muddin suna sashen. Tona asiri shi ne mutum ya zauna da jami'ai ya ba da tarihin ƙungiyar da sunayen mutane. Wanda ya yi haka ya jefa kansa da iyalinsa na waje cikin haɗari, wanda kuma tun asali ba ɗan ƙungiyar ba ne ba shi da abin da zai faɗa sai ya ƙirƙira. Sunayen da aka samo ta wannan hanya su ne ke zama shaida a kan wasu, sai sashen ya riƙa cika kansa da kansa. Daga baya an ƙara wata hanya: duk shekara shida a duba ko mutum ya daina hulɗa da ƙungiya. Shaida ɗaya tak, ko da zane ne a takarda, ta isa a ƙara masa wata shidan.

Shari'ar farko (1990 zuwa 1995)

Tun shekarar farko koke ya fara isa kotun tarayya. Daga cikin abubuwan da suka fito a shari'ar har da na wani fursuna mai taɓin hankali da aka tsoma cikin ruwan wanka mai tsananin zafi a 1992 har fatar jikinsa ta saɓule. A watan Janairu na 1995 Mai Shari'a Thelton Henderson ya yanke hukunci. Ya sami hukumar da laifin amfani da ƙarfi fiye da kima da rashin kula da lafiya. Ya kuma haramta ajiye masu taɓin hankali a sashen, yana mai kwatanta hakan da sa mai ciwon asma a wurin da babu isasshiyar iska.

Hukuncin ya tsaya nan. Ga mai lafiyayyen hankali, alƙalin ya ce yanayin yana dab da iyakar abin da ɗan Adam zai iya jurewa, amma bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Akwai dalili: a lokacin babu wanda ya wuce 'yan shekaru a sashen, kuma alƙalin ya bar tambayar dogon zama a buɗe. Ba a taɓa tsarin ayyanawa ba, ba a kuma sa wa'adi ba. Shekara 16 bayan haka, alƙaluman da hukumar ta fitar a 2011 sun nuna sama da mutum 500 sun wuce shekara 10 a sashen, 78 daga cikinsu sun wuce shekara 20.

A tsakanin nan fursunoni sun bi hanyoyin da doka ta tanada. Sun cike takardun koke na cikin gida, waɗanda hukumar da ake ƙara ita ce ke yanke hukunci a kansu. Sun shigar da ƙararraki ɗaiɗai, akasari ba lauya. Wanda ya yi nasara, nasarar tasa ce shi kaɗai.

Yajin cin abinci biyu (2011)

Wajajen 2006 hukumar ta tattara waɗanda take ɗauka a matsayin shugabannin ƙungiyoyi a wani gajeren lungu na sashen don ta fi sa musu ido. A kurkukun Kalifoniya fursunoni sun rabu gida huɗu masu gaba da juna: farare, baƙaƙe, 'yan asalin Latin Amurka na arewacin jihar, da na kudancinta. Yanzu manyansu sun zama maƙwabta. Ta hujin ƙofa da magudanar ruwa suka yi shekaru suna magana, suna musayar littattafai, ciki har da labarin yajin cin abincin fursunonin Ireland ta Arewa na 1981.

Ranar 1 ga Yuli 2011 suka fara yaji da buƙatu biyar rubutattu: a daina horon jama'a a kan laifin mutum ɗaya, a soke sharaɗin tona asiri a kuma gyara ƙa'idar ayyanawa, a aiwatar da shawarwarin wani kwamitin ƙasa na 2006 kan kawo ƙarshen dogon kaɗaici, a ba da isasshen abinci mai gina jiki, a ba da karatu da ƙananan abubuwa irin su kalandar bango, hular sanyi, hoto ɗaya a shekara da kiran waya. Da yajin ya kai ƙololuwa, mutum kusan 6,600 a gidajen yari 13 sun ƙi cin abinci. Bayan kusan mako uku aka janye. Abin da aka samu shi ne hula, kalanda, da alkawarin sake duba manufar.

Da suka ga alkawarin bai motsa ba, suka koma yaji ranar 26 ga Satumba. Wannan karon adadin ya kai kusan 12,000, aka janye a tsakiyar Oktoba. Hukumar ta ɗauki shiga yajin a matsayin laifi, ta rubuta wa mahalarta takardar horo, ta kwashe jagororin zuwa wani sashe. A cikin watan ne Juan Méndez, mai binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, ya gabatar da rahoton da ya ce a haramta kaɗaicin da ya wuce kwana 15.

Abubuwa uku na 2012

A watan Mayu wata ƙungiyar lauyoyin kare haƙƙi ta New York ta karɓi wata ƙara da fursunoni biyu suka shigar da kansu tun 2009, ta faɗaɗa ta ta zama a madadin duk waɗanda abin ya shafa. Ƙafa biyu aka ɗora ta a kai: gyara na 8 na kundin tsarin mulki da ya hana horo na zalunci, saboda tsawon zaman, da gyara na 14 da ya tanadi bin ƙa'idar shari'a, saboda yadda ake ayyanawa da yadda ake dubawa.

A watan Agusta wakilan ɓangarorin fursunonin nan huɗu suka fitar da takardar sulhu, inda suka nemi duk fursunonin jihar su daina faɗan launin fata daga ranar 10 ga Oktoba. Hukumar ba ta yarda a raba takardar a gidajen yari ba, sai iyalai da masu fafutuka a waje suka yaɗa ta ta wasiƙa da jaridu.

A watan Oktoba ita ma hukumar ta fito da nata gyaran: shirin sauka mataki-mataki. Mutum zai bi matakai na aƙalla shekara huɗu, ana ƙara masa 'yan gata kaɗan-kaɗan, yana cike littattafan nazarin kai. Fursunoni da yawa sun ƙi shiga, don suna ganin cike littattafan amsa laifi ne ta bayan fage, kuma ƙaramin kuskure na iya mayar da mutum matakin farko. Sabon tsarin ya kuma faɗaɗa ma'anar ƙungiya ta haɗa da dabar unguwa. Sai dai a tare da shi hukumar ta fara duba fayil ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma fiye da rabin waɗanda ta duba ta ga babu dalilin ci gaba da killace su. Lauyoyin masu ƙara sun adana wannan sakamako.

Kwana 60 (8 ga Yuli zuwa 5 ga Satumba 2013)

A ranar farko ta yaji na uku mutum kusan 30,000 suka mayar da farantinsu. Hukumar ba ta ƙirga mutum a matsayin mai yaji sai ya ƙi abinci sau tara a jere, kuma da wannan ma'auni ta sanar da sama da 12,000. Shugaban hukumar na lokacin, Jeffrey Beard, ya rubuta a jarida cewa yajin dabarar shugabannin daba ce ta ƙwato ikonsu. An sake ware jagororin, an kwashe abincin kantin da ke ɗakunan mahalarta. Mutum ɗaya da ya shiga yajin a wani gidan yarin jihar ya rasu a watan Yuli, hukuma ta ce rataye kansa ya yi.

Ranar 19 ga Agusta kotun tarayya ta ba da izinin ciyar da wanda ya kusa mutuwa da ƙarfi, ko da ya sa hannu a takardar ƙin ceto, idan ana zargin tilasta masa aka yi. A ƙarshe saura mutum kusan 100, kusan 40 daga cikinsu ba su ci ba tun ranar farko. Irin waɗannan ba a ba su abinci kai tsaye: jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka cika shi da sauri, gishirin jini kan faɗi har zuciya ta tsaya, don haka da kaɗan-kaɗan likitoci ke farawa. An janye yajin ne bayan 'yan majalisar jiha biyu, Loni Hancock da Tom Ammiano, sun yi alkawarin zaman sauraron jama'a. An yi zaman a Oktoba 2013 da Fabrairu 2014. Ƙudurorin da suka biyo baya ba su zama doka ba.

Yarjejeniyar 1 ga Satumba 2015

A watan Yuni 2014 Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince ƙarar ta wakilci dukan fursunonin da abin ya shafa. Daga nan aka shiga tara shaida. Masanin halayyar ɗan Adam Craig Haney da likitan ƙwaƙwalwa Terry Kupers sun zauna da waɗanda suka wuce shekara 10, suka rubuta abin da suka gani: rashin barci, firgita, mantuwa, fushi mara dalili, da mutuwar sha'awar hulɗa da mutane. Wasu masanan sun kawo hujja kan hawan jini da illar rashin taɓa jikin ɗan Adam. Tsofaffin shugabannin gidajen yari na wasu jihohi sun ba da shaida cewa ana iya riƙe kurkuku lafiya ba tare da wannan tsari ba. A Yuni 2015 Mai Shari'a Anthony Kennedy na Kotun Ƙoli ya rubuta ra'ayi a wata shari'ar Kalifoniya yana nuna cewa lokaci ya yi da kotuna za su duba dogon kaɗaici. An sa ranar fara shari'a a Disamba. Gwamnatin jihar ƙarƙashin Gwamna Jerry Brown ta zaɓi sulhu, duk da adawar ƙungiyar gandurobobi.

Sharuɗɗan su ne. Ayyana mutum ɗan ƙungiya shi kaɗai ba zai ƙara kai shi kaɗaici ba. Sai an same shi da babban laifi a zaman sauraro, kuma horon yana da wa'adi. Cikin shekara ɗaya za a duba kowa, wanda bai yi irin wannan laifi ba a shekara biyun da suka wuce a mayar da shi cikin jama'a. Shirin mataki-mataki ya ragu zuwa shekara biyu. Ba za a tilasta wa kowa ya wuce shekara biyar a jere a sashen wannan gida ba. An ƙirƙiri wani sabon sashe mai tsauraran tsaro ga waɗanda ba za su iya shiga jama'a ba, inda aka tanadi motsa jiki a ƙananan rukuni, kiran waya da ziyarar gaba da gaba. Lauyoyin fursunoni za su sa ido na shekara biyu, da damar neman ƙari idan sun nuna ana ci gaba da take haƙƙi.

Ranar 17 ga Disamba na wannan shekara Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Ƙa'idojin Mandela. Sun fassara kaɗaici da awa 22 ko fiye a rana ba tare da hulɗa mai ma'ana ba, sun kuma haramta wanda ya wuce kwana 15 a jere da wanda ba shi da wa'adi.

Bayan buɗe ƙofa (2016 zuwa 2023)

Cikin shekara guda da yarjejeniyar an fitar da mutum kusan 1,500 daga kaɗaici a faɗin jihar. A wannan gida, waɗanda suka wuce shekara 10 a sashen sun ragu daga sama da 500 zuwa ƙasa da goma. Daga baya aka mayar da wani ɓangaren sashen masaukin fursunoni masu ƙaramin haɗari, ƙofofi a buɗe.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. An fitar da mutane ba tare da shiri ba. Tun kafin yarjejeniyar ma, wani da ya yi sama da shekara 40 a killace an kashe shi a filin wani gidan yari a Agusta 2015, kusan mako biyu da fitowarsa. Wata tawagar Jami'ar Stanford ta yi hira da mutum 29 da aka fitar, ta ruwaito a 2017 cewa suna fama da tsoron taro, firgita idan an matso bayansu, da son komawa ɗaki su kulle kansu, kuma kulawar da ake ba su ba ta kai ba.

Sai maganar awoyi. An kai da yawa gidajen yari masu matakin tsaro mafi girma, inda kulle-kulle ke sa wasu su sami lokacin waje ƙasa da wanda suke samu a da. Kotun farko ta ce wannan saɓa yarjejeniya ne. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, saboda yarjejeniyar ta ce a mayar da su cikin jama'a amma ba ta faɗi awa nawa za su yi a waje ba.

Sai maganar infoma. A Janairu 2019 kotu ta tsawaita sa-idon bayan ta gano jami'ai na murguɗa bayanan sirri, wani lokaci suna ƙara abin da infoman bai faɗa ba, don samun mutum da laifin da zai mayar da shi kaɗaici. Ta kuma gano ana miƙa tsohuwar ayyanawa ga kwamitin sakin talala. An ƙara tsawaitawa a 2022. A Agusta 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke tsawaitawar, sa-idon ya ƙare.

A 2022 majalisar jiha ta zartar da ƙudurin da ya sa iyakar kwana 15 a jere da kwana 45 cikin 180, ya kuma haramta kaɗaici ga masu juna biyu, matasa, tsofaffi da masu naƙasa. Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu, ya umarci hukumar ta rubuta nata dokokin cikin gida. Sun fito a ƙarshen 2023, sun rage yawan laifukan da ke kai mutum kaɗaici da tsawon wa'adinsu, sun kuma ƙara awoyin fita.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Gyaran da ya fitar da mutane guda ɗaya ne: sauya ƙa'idar shiga daga sunan da aka liƙa wa mutum zuwa aikin da aka tabbatar ya yi, tare da ranar fita. Hukuncin 1995 ya ceci masu taɓin hankali, abin a yaba ne, amma ya bar ƙofar shiga yadda take, shi ya sa sashen ya ci gaba da cika har shekara 20. Shirin 2012 ya gaza saboda hannun da ya kulle mutum shi ne ke auna ko ya cancanci fita.

Yajin shi kaɗai bai ciyo buƙatu biyun farko ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya jawo lauyoyi masu ƙarfi, ya tilasta wa hukumar fitar da alƙalumanta, ya kuma tura ta yin binciken fayil wanda sakamakonsa ya rushe hujjarta. Hukumar da ta saki fiye da rabin waɗanda ta duba da hannunta ba za ta iya tsayawa gaban alƙali ta ce kowannensu haɗari ne ba. Takardar sulhun 2012 ta cire sauran hujjar, wato cewa haɗa waɗannan mutane wuri ɗaya zubar da jini ne.

Kurakuran yarjejeniyar suna wuraren da aka bar kalma ba lamba. Da an rubuta mafi ƙarancin awoyin fita a rana, da hukuncin 2020 bai yiwu ba. Da an wajabta naɗar muryar infoma da ajiye ta, da kuma wani mai zaman kansa ya saurara kafin a yi horo, da an toshe hanyar da aka bi aka riƙa mayar da mutane. Sa-idon shekara biyu ya yi kaɗan ga ɗabi'ar da ta yi shekara 26 tana kafuwa. Kuma fitar da mutumin da ya shekara 20 bai gaisa da kowa hannu da hannu ba zuwa fili mai ɗaruruwan mutane, ba tare da matakin sabawa da likitan da ya san ciwon ba, zalunci ne na biyu da za a iya kauce masa da ƙaramin kuɗi.

Ko iyakar shekara biyar da yarjejeniyar ta sa ta ninka kwana 15 na Ƙa'idojin Mandela sama da sau 120. Jihar Colorado ta sa iyakar kwana 15 a 2017 ta hanyar manufar hukumarta. New York ta sa ta a dokar majalisa a 2021, ta fara aiki a Maris 2022. A Kalifoniya, zuwa ƙarshen 2023, abin da ke kare fursunan wannan gida dokokin cikin gida ne da hukumar ta rubuta, waɗanda kuma ita ce ke da ikon sauya su.